Wuƙa da Kubenta

A zamanin mulkin En'e, in aka naɗa wa mutum rawanin dagaci, ba a sallamarsa sai ya san iyakarsa. A kan lissafa masa ƙauyukan da ke hannunsa ɗaya bayan ɗaya, a gaya masa rafin da ya raba shi da maƙwabcinsa, da irin maganar da zai iya sasantawa a zaurensa, da wadda tilas ne ya aika da ita gaban alƙali. A ofishin hakimi kuwa akwai littafi, malami ya shigar da sunayen ƙauyukan nan duka a ciki. Wanda bai san sha'anin mulki ba sai ya ga kamar ɓarnar takarda a ke yi. Amma ran da dagatai biyu suka yi jayayya a kan wata fadama, ko wani talaka ya kawo kuka an karɓi harajinsa sau biyu, littafin nan a ke ɗaukowa, shi ke raba gardama.

To, in dagaci da ba ya riƙe da kome sai sanda ya bukaci a rubuta masa iyaka, ina ga mutanen da za a zaɓo daga cikin 'yan sanda, a ba su bindigogi da motoci, a ce su tuɓe kayan sarki su shiga gari farautar manyan masu laifi? Irin wannan ƙungiya ita a ke kira runduna ta musamman. Ƙasashe da yawa suna da irinta, da yawa kuma sun yi kuka da ita. Kukan nan kuwa, in aka bi sawunsa, sau da yawa sai a tarar ya faro tun daga ranar da aka kafa rundunar, sa'ad da aka yi gaggawar ba ta makami, aka bar maganar iyakar aikinta sai wani jiƙon.

Kafin a ga laifin runduna irin wannan, ya kamata a san abin da ke sa a kafa ta, gama ba don banza a ke yi ba. Ɗan sandan caji ofis aikinsa ba ya ƙirguwa. Da safe ya raba masu faɗa a bakin famfo, da rana ya rubuta ƙarar wanda aka sace wa keke, da la'asar ya tsaya a mararraba yana ba motoci hannu. Yana kuma da yankinsa, ba ya ƙetare shi sai da izini. Ɗan fashi kuwa ba ruwansa da yanki. Sai ya yi ta'adi a gari guda da tsakad dare, kafin asuba ya wuce gari uku. Kafin takarda ta fita daga wannan ofis ta isa wancan, sawu ya ɓace.

Irin wannan damuwa ce ta sa 'yan sandan birnin Landan suka kafa wata 'yar runduna a shekarar 1919, bayan Yaƙin Duniya na Farko. Da mutum 12 aka fara. Suna yawo a ɓoye cikin keken doki mai rufi, an huda rufin, suna leƙen ɓarayi da 'yan sane ta ciki. An kuma ba su izinin bin mai laifi duk unguwar da ya shiga, ba sai sun tsaya neman yardar babban ɗan sandan unguwar ba. Aka yi musu laƙabi da Flying Squad, watau runduna mai tashi kamar tsuntsu.

A Nijeriya ma bukatar ta gaske ce. Bayan yaƙin basasa da aka yi daga 1967 zuwa 1970, makamai suka yi yawa a hannun mutane, fashi ya zama ruwan dare. Gwamnatin soja ta kafa doka a 1970 cewa hukuncin fashi da makami kisa ne, aka riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a a bakin teku a Ikko, watau Legas. A nan aka harbe Ishola Oyenusi a 1971. Duk da haka abin bai tsaya ba. A 1986 wani mai suna Lawrence Anini ya addabi birnin Benin da kewayensa, yana kashe 'yan sanda, yana fasa bankuna, har aka kama shi a ƙarshen shekarar, aka harbe shi a watan Maris 1987. Bayan kama shi ne asiri ya tonu, cewa wani babban ɗan sanda, George Iyamu, shi ke taimakonsu da labari da makamai. Shi ma aka yanke masa hukuncin kisa. Wanda ya ga wannan zamani ba zai yi mamaki ba don an ce a ware waɗansu amintattu su fuskanci 'yan fashi kaɗai.

Rundunar da ta fi suna a wannan aiki ita ce SARS. Haruffan nan huɗu farkon kalmomin sunanta ne na Turanci, ma'anarsa Runduna ta Musamman ta Yaƙi da Fashi. Wani tsohon Kwamishinan 'yan sanda, Fulani Kwajafa, ya ce shi ya fara kafa ta a 1984, amma labarin da ya fi yaɗuwa shi ne na 1992 a Ikko. A shekarar nan 'yan sanda suka harbe wani Kanar na soja a wani shingen hanya. Sojoji suka fusata suka fito neman 'yan sanda, 'yan sanda suka janye daga tituna wajen mako biyu, 'yan fashi suka sami gari ba mai tsaro. Da ƙura ta lafa, sai aka ɗora wa wani jami'i, Simeon Danladi Midenda, aikin haɗa runduna. Bisa ga yadda shi ya ba da labari daga baya, da mutum 15 ya fara, da motoci biyu. Ba su sa kayan sarki, motocinsu ba su da alamar 'yan sanda, ba su kuma tsayawa a kan hanya su tare matafiya. Ƙarfinsu duka a ɓoyuwa ya ke, ɗan fashi bai san fuskarsu ba sai sun dira a kansa.

Mai karatu ya lura da abu guda a nan. Lokacin mulkin soja ne. Ba wata doka ta musamman da aka yi don kafa SARS, wadda ta zayyana abin da za ta taɓa da abin da ba za ta taɓa ba. Umurni ne na cikin gida, daga babba zuwa na ƙasa da shi. Muddin mutum 15 ne, shugabansu ya san sunan kowa da halinsa, wannan bai zama illa ba, idonsa ya isa ya zama iyaka. Amma da aka ga ta yi amfani, sai aka buɗe irinta a jiha bayan jiha har ta game ƙasa. Waɗanda suka fara aikin suka tashi, waɗansu suka gaje su, manufar da aka fara da ita kuwa ba ta cikin wata dokar da talaka zai buɗe ya karanta.

Sannu a hankali aikin ya yi ta faɗi. Bayan fashi aka ƙara satar motoci, da satar shanu, da satar mutane don kuɗin fansa, da ƙungiyoyin asiri na 'yan makaranta, daga baya har da zamba ta intanet. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan laifi ne babba, ba mai musu. Amma kowane ƙari sabuwar ƙofa ya ke buɗewa. Shi ɗan fashi a kan neme shi ne bayan ya yi fashi, akwai wanda aka yi wa, akwai wurin da aka yi. Mai zamba ta intanet fa, yaya za a gane shi a kan titi? Sai aka koma duban kama. Saurayi mai sabuwar mota, ko wayar hannu mai tsada, ko kwamfuta a jaka, ko kitso a kai, ya zama abin tuhuma. Mutanen da a dā ba a ganinsu suka fito suka kafa shinge a kan hanya, da farin kaya, da bindiga a hannu, har matafiyi ya kasa bambanta su da waɗanda aka kafa su don su kama. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Wata ƙofar kuma ita ce ta bashi. Misali, a ce ɗan kasuwa ya ba wani kaya bashi, lokacin biya ya yi, bai biya ba. Hanyar shari'a ita ce ya kai ƙara, ya kawo shaidu, ya yi haƙuri. Amma in ya san akwai waɗansu masu bindiga da kowa ke tsoro, waɗanda za su ɗauko masa mutumin yau yau in ya ba su na goro, me zai kai shi gaban alƙali? Sai a wayi gari wanda a ke bi kuɗin shinkafa buhu goma yana kwance ɗaki guda da masu kisan kai. Ƙungiyar kare hakkin ɗan Adam ta Amnesty International ta faɗi a rahotonta na 2016 cewa ta tarar jami'an SARS suna sa hannu cikin rigingimun ciniki da na yarjejeniya, har ma su azabtar da waɗanda suka tsare a kan irin waɗannan.

Akwai wani dalili a cikin doka da ya sa sunan ɗan fashi ya ke da nauyi ƙwarai. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 35, ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in kuwa babu, cikin kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace. Amma sashen ya ware wanda a ke tuhuma, bisa dalili mai ƙarfi, da laifin da hukuncinsa kisa ne. Fashi da makami kuwa yana cikinsu. Ashe ke nan duk wanda aka rataya wa wannan suna, an cire masa wata garkuwa da sauran kamammu su ke da ita. Uwarsa ta zo ƙofar ofis, a ce mata ba a belin ɗan fashi. In ta sayar da akuyarta da 'yan kunnenta ta kawo abin da aka yanka mata, sai ɗan fashin jiya ya zama mutumin kirki, a sake shi. Shi ya sa rundunar da aikinta ya shafi laifin kisa ta fi kowace bukatar a tsare mata iyaka, gama kalma guda da jami'inta zai rubuta a takarda ta isa ta rufe mutum wata da watanni.

A watan Yuni 2020 ƙungiyar nan ta sake fitar da rahoto. Ta lissafa aƙalla al'amura 82 na azabtarwa, da wulaƙanci, da kisa ba shari'a a hannun SARS tsakanin Janairu 2017 da Mayu 2020. Yawancin waɗanda abin ya faɗa wa samari ne 'yan shekara 18 zuwa 35, 'ya'yan talakawa. Alhali kuwa tun Disamba 2017 an sa hannu a dokar hana azabtarwa, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga wanda ya aikata. Rahoton ya ce har lokacin ba jami'in SARS ko ɗaya da aka gurfanar gaban shari'a bisa wannan doka.

Hukuma ba ta rasa jin kukan ba. A ƙarshen 2017 Sufeto Janar na 'yan sanda ya ba da umurnin gyara. A watan Agusta 2018 Mukaddashin Shugaban Ƙasa, Yemi Osinbajo, ya umurta a sake tsarin rundunar, ta tsaya ga fashi da satar mutane kaɗai. Kwamitin da aka kafa ƙarƙashin Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta Ƙasa ya miƙa rahoto a 2019, ya ba da shawara a kori jami'ai 37, a gurfanar da 24 gaban shari'a. Ran 4 ga Oktoba 2020 Sufeto Janar Mohammed Adamu ya hana su sintiri, da kafa shinge, da bincikar wayoyin mutane. Duk wanda ya karanta umurnin nan zai ga iyaka ce a ke ƙoƙarin shatawa, amma bayan shekara 28. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Samari sun riga sun daina yarda da alkawari. Suka cika titunan Ikko da Abuja da sauran birane suna cewa a soke SARS, ran 11 ga Oktoba aka soke ta. Bayan kwana biyu aka sanar da wata sabuwa mai suna SWAT. Masu zanga-zanga suka ce suna kawai aka sake, suka ƙi tashi. Ran 20 ga wata da dare sojoji suka yi harbi a wurin taron da ke ƙofar karɓar kuɗin hanya ta Lekki. Kwamitin shari'a da Jihar Legas ta kafa ya faɗi a 2021 cewa an kashe mutane a wurin, Gwamnatin jihar kuwa ba ta amince da adadin da ya faɗa ba.

A Arewa maganar ta sha bamban. Gwamnonin jihohin Arewa, ta bakin shugabansu na lokacin, Simon Lalong na Filato, suka ce ba su goyi bayan soke rundunar ɗungum ba, domin tana da amfani wajen yaƙi da miyagu, gyara ta ke bukata. Ba abin mamaki ba ne. Manomin Zamfara ko na Katsina da 'yan bindiga suka kore wa shanu, da matafiyin da a lokacin ke fargabar hanyar Kaduna zuwa Abuja, roƙonsu shi ne a ƙaro musu masu tsaro. Saurayin Ikko kuwa yana roƙon a raba shi da su. Dukansu gaskiya su ke faɗi, kuma asararsu daga tushe guda ta fito. Duk sa'ar da jami'i ya ɓata yana bincikar wayar ɗalibi, daga lokacin neman mai satar mutane aka ɗebe ta. Rundunar da ba a yi wa iyaka ba ta cuci wanda ta kama ba laifi, ta kuma cuci wanda ya jira ta ba ta zo ba.

Haɗarin bai tsaya a nan ba, domin akwai rundunar da manya ne suka yi kuka da ita. A Afirka ta Kudu, Shugaba Thabo Mbeki ya sanar a 1999 za a kafa runduna ta binciken manyan laifuffuka da rashawa, doka ta tabbatar da ita a 2001. Aka yi mata laƙabi da Scorpions, watau kunamai. Ba a ƙarƙashin 'yan sanda aka sa ta ba, a ofishin masu gabatar da ƙara ta ke, mai bincike da lauya suna aiki tare tun daga farkon magana har kotu. Ta taɓa waɗanda ba a saba taɓawa ba. Ta binciki Jacob Zuma, wanda ya yi Mataimakin Shugaban Ƙasa. Ta binciki shugaban 'yan sandan ƙasar kansa, Jackie Selebi, wanda kotu ta yanke wa ɗaurin shekara 15 a 2010 saboda cin hanci. Aka yi ta ƙorafi cewa tana shiga aikin 'yan sanda, tana kuma zaɓen waɗanda za ta bincika don siyasa. A 2005 aka sa wata mai shari'a, Sisi Khampepe, ta duba iyakar aikin rundunar da inda ya kamata ta zauna. Ta ba da shawara a bar ta inda ta ke, a gyara yadda a ke sa mata ido. Amma a Disamba 2007 jam'iyya mai mulki, ANC, ta yanke a taronta na Polokwane cewa a rushe ta. A 2009 aka rushe, aka kafa wata a cikin 'yan sanda mai laƙabi Hawks, watau shaho.

Wani ɗan kasuwa mai suna Hugh Glenister ya kai ƙara. A watan Maris 2011 Kotun Tsarin Mulki ta ƙasar ta yanke cewa dokar da ta kafa sabuwar rundunar ba ta tsare ta daga hannun 'yan siyasa yadda ya kamata ba, ta umurci majalisa ta gyara. Cikin abin da kotu ta duba har da cewa wani kwamiti na ministoci ke da ikon tsara irin laifin da rundunar za ta bi, ga kuma jami'anta ba su da tabbacin ba za a raba su da aikinsu ba in sun taɓa wanda ba a so a taɓa.

Dattawan Arewa ba su bukatar dogon bayani a kan wannan. 'Yan dokan En'e an kafa su ne don tsaron gari da kama ɓarayi, amma a shekarun 1950 da farkon 1960 an yi ta kuka cewa ana amfani da su wajen tarwatsa taron 'yan hamayya, musamman 'yan NEPU. Wannan na cikin dalilan da suka sa bayan 1966 Gwamnatin soja ta haɗe su da 'yan sandan Nijeriya.

Ashe iyaka kamar kube ta ke. Kube yana tsare cinyar mai wuƙa da ta wanda ke zaune kusa da shi, yana kuma tsare kaifin wuƙar kada ya dakushe. To, me ya kamata a rubuta a takardar da za ta zama kube ga runduna ta musamman?

Na farko, a ambaci laifuffukan da za ta bi da sunansu, su zama kaɗan, a cikin dokar da majalisa ta yi a fili. Kada a rufe lissafin da cewa "da sauran manyan laifuffuka", gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In zamani ya kawo sabon laifi ana so a ƙara mata, a koma majalisa, a yi muhawara, kowa ya ji.

Na biyu, a rubuta abin da aka hana ta a sarari kamar yadda aka rubuta abin da aka sa ta. Bashi, da gado, da rigimar gona, da maganar aure, duk ba huruminta ba ne. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 sun riga sun hana a kama mutum don bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, sun kuma hana a kama wani a madadin wani, kamar a tsare uba don ɗansa ya gudu. Ya kamata a maimaita wannan a takardar rundunar, a faɗi hukuncin jami'in da ya ƙetare.

Na uku, kowace magana ta shigo ta ƙofa, a rubuce. A san wanda ya kawo ƙara, da lambar fayil, da babban da ya sa hannu. Runduna ta musamman ba ta fita titi neman wanda za ta tuhuma. Duk wanda ta kama kuwa a shigar da sunansa a littafi, da ranar, da sa'ar, da sunan wanda ya kama shi, da kayan da aka karɓa daga hannunsa. Dokar 2015 ta ce majistare ya riƙa ziyartar wuraren tsare mutane kowane wata ya duba. Mutumin da sunansa ke cikin littafi yana da wuyar ɓacewa.

Na huɗu, a sa mata mai sa ido wanda ba a cikinta ya ke ba, ba kuma ya cin abinci daga hannun shugabanta. Aikin irin wannan runduna ya tilasta mata kusantar miyagu, domin daga bakinsu a ke samun labari, kuma wanda ya daɗe yana zama da mai turare ko mai daddawa sai ya ɗauki ƙanshi ko wari. Ko ita rundunar Landan ba ta tsira ba. A 1977 aka ɗaure wanda ya shugabance ta, Kenneth Drury, shekara 8 saboda karɓar toshiyar baki. A Afirka ta Kudu doka ta tanadi wani alƙali mai ritaya da zai karɓi ƙara iri biyu game da Hawks: ta mutumin gari da rundunar ta zalunta, da ta jami'in rundunar da wani babba ya matsa wa ya karkatar da bincike.

Na biyar, a faɗi yadda za a naɗa shugabanta, da shekarun da zai yi, da dalilan da za su sa a cire shi, don kada ya kwana da tsoron mai mulki. Kowace shekara ya kawo lissafi gaban majalisa. Kada a auna aikinsa da yawan mutanen da ya kama, gama kamu ba shi da wuya. A auna shi da yawan waɗanda kotu ta tabbatar wa laifi, da yawan waɗanda aka tsare aka sake ba laifi. A kuma ba rundunar kuɗin aikinta daga baitulmali, domin in mai ƙara ne zai sayi man mota, to, mai kuɗi kaɗai ke da 'yan sanda.

Wani zai ce, ai takarda ba ta hana zalunci, ga dokar 2017 nan an yi, shekaru sun wuce ba a hukunta kowa ba. Gaskiya ne, takarda ba ta da ƙafa, ba ta kai kanta kotu. Amma a tuna da littafin ofishin hakimi. Shi ma bai taɓa hana dagaci kwaɗayi ba. Amfaninsa shi ne ran da aka zalunci talaka, yana da abin da zai nuna ya ce ga inda aka ƙetare. In ba a shata iyaka ba, ba a iya cewa wani ya ƙetare ta, sai dai kowa ya faɗi son ransa, mai ƙarfi ya ci.

A nan ne wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci ya ke da rabonsa na aiki. Ba a ce ya tsaya gardama da mai bindiga a kan hanya da dare ba, rai ya fi kome. Amma yana iya rubuta ranar da aka tafi da ɗansa, da sa'ar, da lambar motar, da ofishin da aka kai shi, da kuɗin da aka nema, da sunan waɗanda suka gani. Yana iya karanta allon da ke cewa beli kyauta ne, ya san ba alfarma a ke yi masa ba. Yana iya rubuta takardar kuka ga majistare, ko ga Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, ko ga Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam, ya ajiye kwafi a akwatinsa. In kuma ya ji an ce za a kafa sabuwar runduna a jiharsa, ko ta 'yan sanda ce, ko ta 'yan sintiri, kada murna ta hana shi tambayar wakilinsa a majalisa: ina takardar iyakarta, kuma wa za a kai wa ƙara in ta ƙetare?

A 2020, sa'ad da a ke cikin zanga-zanga, Fulani Kwajafa ya gaya wa gidan rediyon BBC cewa rundunar ta kauce daga abin da aka kafa ta dominsa, kuma abin yana ba shi baƙin ciki. Da niyya mai kyau aka fara, mutanen farko kuma sun yi aiki. Amma niyya tana tafiya da mai ita ran da ya bar ofis, abin da aka rubuta shi ke zama ga na baya. Tun ran gini, tun ran zane.

Allah ya ba shugabanni basirar shata iyaka tun kafin su miƙa makami, ya kiyaye 'yan sanda na ƙwarai da ke kwana a waje don jama'a su yi barci, ya tsare talakawa daga sharrin ɗan fashi da na azzalumi, amin.